Kunnena da Wutar Zongo

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Zongo, ni da ƙanena, na rungume na'urarsa ta kiɗa a cinya kamar jaririya. Ku da kuka san ni, kasuwa ma aike nake yi, to ku ji abin da ya fitar da ni.

Daga Faransa ya zo da ita, tana cin ɗan faifai mai walƙiya kamar madubi. Kowa yana yabon muryarta, ni kuwa wani zizizi nake ji a ƙarƙashin kiɗan molon. Shi da sauran mutane suka ce kunnena ne ya fara lalacewa, har ana maganar asibiti. Na ji tsoro ƙwarai, don ban yi boko ba, kunnen nan shi ne karatuna. Sai aka kwatanta mana wani dattijo mai gyaran rediyo a garin Kpalime.

Muka matsu a bayan bashe, wato a-kori-kura, kajin wata mata suna tsattsagar mayafina. Sau uku jandarma suka tsayar da mu. Ɗaya ya ɗaga faifan ya gyara hularsa a ciki, sannan ya ce mu wuce. Can gaba duwatsu suka ɓullo, kore shar, gajimare zaune a kansu. Ashe haka Allah ya yi ƙasar nan. Ayaba kuwa kamar kyauta, muka ci koliko, soyayyar doya, da yaji a tasha.

Dattijon ya zaunar da ni ina kallon bango. Ya kunna injin wasa wuƙa a gefe don ya dagula wutar, yana sauya wa na'urar wuta, wani zubin daga bango, wani zubin ta cikin wani baƙin akwati mai nauyi. Duk sauyin sai in faɗa, ban kuskure ko sau ɗaya ba. In ta bi akwatin, subhanallahi, har numfashin makaɗin nake ji, da gogar yatsansa a tsirkiya.

Dattijon ya ce, "Hajiya, abin da ke cikin faifan ba ya canzawa, a hanyar fitowa ne wuta ke ɓata shi. Me ke kan layin wutarku?"

Na ce injin niƙa da mai walda, mita ɗaya muke ja gida biyar.

Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ki yafe mini."

La'asar sakaliya muka iso gida da akwatin dattijon. Injin niƙa yana ta ruri, muka kunna, kiɗa ya fito tas. Maƙwabta suka ce su dai ba su ji bambanci ba, ban ja da su ba. Na dai gane wuta ma ruwa ce, tana ɗauko dattin duk gidan da ta ratsa, tacewa take so. Kunnena kuwa lafiyarsa ƙalau, alhamdulillahi.