Jigidar da na ƙi haɗawa

Akwai ranar da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ita. Ranar ce tsohon ogana na soja ya ajiye mani buhu a shago, a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, suka koma bariki komawar da har yau ba su sake fitowa ba.

Shekara goma sha tara na yi da kaki a jikina, mafi yawansu a ɗakin ajiyar makamai. Ban taɓa zama gwanin harbi ba. Aikina shi ne kula da jigidar harsashi ta babbar bindigar nan da ake kira mai jigida. Wanda bai sani ba zai ɗauka ɗamara ce guda ɗaya, alhali wasu 'yan ƙarafa ne ƙanana ke riƙe kowane harsashi da ɗan'uwansa. Mu a bariki linki muke ce masu. In aka yi harbi sai su warwatsu a ƙasa kamar ɓawon gyaɗa. Bayan an tashi daga filin atisaye, ni ake bari ina tsince su, in wanke, in ware masu lafiya daga waɗanda suka gaji, sannan a sake ɗura masu harsashi. Aiki ne na haƙuri da ido, don ƙarfe ɗaya mai lahani ya isa ya sa bindiga ta cije. Har kirari ake mani, wai jigidar da ta bi ta hannun Kofur ba ta cijewa. A lokacin ina jin daɗin wannan yabo. Ban san zai biyo ni har gida ba.

Da na ajiye aiki sai na dawo Katsina, na kama shago a Ƙofar Marusa ina gyaran keken ɗinki. Hannun da ya saba da ƙananan ƙarafa bai sha wuyar koyon sabuwar sana'a ba. Ina cikin rufin asiri, teloli suna kawo mani aiki har daga Ƙofar 'Yandaka.

Wata Talata da hantsi, farkon damina, mota ta tsaya ƙofar shagona. Sai da mutumin ya yi magana na gane shi, don ban taɓa ganinsa cikin babbar riga ba. Manjo ne da na yi aiki a ƙarƙashinsa shekara shida. Shi ma ya yi ritaya, ya shiga siyasa, ya nemi kujera bai samu ba, kuma gari duk an san bai haƙura ba. Sai dai in faɗi gaskiya, mutumin ya yi mani alheri. Lokacin da mahaifiyata ta rasu muna can kudu, shi ya ba ni hutu, ya haɗa ni da motar da ta kawo ni har ƙofar gidanmu. Don haka na tarbe shi da murna, na share mashi benci, muka daɗe muna gaisawa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa.

Muna cikin haka direbansa ya shigo da buhun takin zamani ya dire a bayan ƙofa. Tun kafin a kwance shi na san linki ne a ciki. Ƙarar da ya yi da ya taɓa ƙasa, na shekara goma sha tara ina jin ta.

Manjo ya ce yana da gona da shanu can wajen iyaka, ɓarayi sun dame shi. Ya ce ƙarafan sun yi tsatsa, sun gauraya da marasa kyau, yana so in ware su in gyara, harsashin zai iso jibi in haɗa mashi. Ya ce duk ƙasar nan bai san mai hannu irin nawa ba.

Na ce, “Yallaɓai, ba a gadin gona da mai jigida.”

Ya yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. Ya miƙe tsaye, ya sauya murya zuwa wadda na sani a filin fareti. “Kofur, ba shawararka na zo nema ba.”

Abin da ya faru a nan shi ne har yau yake ba ni kunya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai kawai na tsinci kaina tsaye ƙiƙam, dugadugaina sun haɗu, hannuwana sun manne da cinya, cikin shagona, da man keke a tafin hannu. Jikina ya riga ni amsa umarni. Na dubi ƙafafuna cikin silifa, raina ya ɓaci da kaina fiye da yadda ya ɓaci da shi. Na tuna wata kasuwa a ƙasar da aka taɓa tura mu aikin kiyaye zaman lafiya, inda muka isa bayan irin wannan bindiga ta gama magana. Abin da na gani a wurin ban taɓa ba ko matata labarinsa ba. Na koma na zauna a kan kujerata, da gangan, yana tsaye.

Na ce, “Ka cire kaki, ni ma na cire. Ba zan yi ba.”

Bai ɗaga murya ba. Ya gyara hularsa, ya ce buhun yana nan, zai dawo ranar Alhamis. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya tambaye ni, in aka samu irin wannan kaya a shagon tsohon mai kula da makamai, tsakanin ni da shi wa nake jin za a gaskata.

A nan na gane buhun tarko ne. In na yi aikin na shiga hannunsa har abada. In na ƙi, kayan na cikin shagona.

Na rufe shago tun kafin azahar na tafi gida. Matata ta ga fuskata ta ajiye tankaɗen da take yi. Da na gaya mata, shawararta ta farko ita ce in kai buhun kududdufi in jefa, in ce ban san zancen ba. Na ce in na yi haka zai ce na sayar, kuma duk abin da aka yi a ɓoye, mai ƙarfi ne ke ba da labarinsa yadda ya so. Idonta ya kawo ruwa, don ta gane wurin hukuma na dosa.

Ta ce, “Malam, in dai sai ka je, to kada ka je kai kaɗai. Ka bi ta wurin mai unguwa, kuma ka tafi lokacin da kowa ke gani.”

Washegari na ari baro wurin maƙwabci, na ɗora buhun, na kwance bakinsa na bar shi a buɗe. Na tura shi ta tsakiyar titi da rana tsaka, ƙarafan suna kacau-kacau duk inda na taka rami. Duk wanda ya tambaye ni mi na ɗauko, sai in tsaya in gaya mashi ko mene ne, da wanda ya kawo, da abin da ya ce in yi da shi. Wasu suka ja baya kamar na ɗauko maciji. Wani dattijo ya ce mani in rufa wa kaina asiri, mutumin nan ba sa'ana ba ne. Na ce ai asirin nake rufa wa kaina. Ba zan ce ban ji tsoro ba. Gumin da na yi rannan ba na rana ba ne kaɗai.

Mai unguwa yana zaune a zaure da mutane. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana mashi komai. Ya leƙa buhun. Sannan ya tambaye ni ko na san abin da zai biyo baya. Na ce na sani, ranka ya daɗe. Ya sa takalminsa, ya kira dattawa biyu, muka rankaya ofishin 'yan sanda, ni a gaba da baro.

Kwana tara na yi a tsare. Ban ga laifinsu ba, don in da ni ne a kujerarsu da haka zan yi. Aka yi ta tambayata abu ɗaya safe da yamma, har wasu suka zo daga bariki suka ɗora nasu tambayoyin. Manjo kuwa ya ce ya san ni a soja, amma rabonsa da ni tun muna cikin kaki. Abin da ya fitar da ni shi ne tsohon telan da shagonsa ke jikin nawa. Mutum ne mai tsoron hukuma, ko ɗan sandan hanya ya gani sai ya sauya layi. Amma ya zo da ƙafarsa ya ce ya ga motar, ya ga wanda ya fito daga cikinta, ya ga an shigar da buhun. Mai unguwa ya tsaya mani, aka sake ni.

Ba zan yi maku ƙarya in ce an hukunta Manjo ba. Iyakar sanina, barin gari ya yi na wani lokaci, ya dawo ya ci gaba da harkokinsa. Ni kuwa na yi watanni teloli suna gudun shagona. Wasu daga cikin dangina suka kira ni butulu, suka ce wanda ya taimake ka ranar mutuwar uwarka bai cancanci tonon silili daga gare ka ba. Wannan maganar ta yi mani zafi fiye da kwana taran. Amsar da na ba su ɗaya ce: alherin da ya yi mani ina gode mashi har gobe, amma ba da jinin 'ya'yan mutane zan rama shi ba.

Yanzu da nake ganin yadda irin waɗannan bindigogi suka cika dazuzzukanmu, nakan zauna in yi tunani. Kowace jigida da ta tashi wani ƙauye, akwai hannun da ya zauna a inuwa ya haɗa ta, yana gaya wa kansa shi dai aikinsa yake yi, ba shi ya harba ba. Saura ƙiris in zama ɗaya daga cikinsu, ba don mugunta ba, sai don sabo da cewa to. Abin da na koya shi ne, sana'ar da Allah ya sa a hannunka amana ce, kuma kai za a tambaya a kanta, ba wanda ya ba ka umarni ba. In kuwa za ka ƙi, ka ƙi a fili, a gaban mutane.