Murhun Buntuna da Aka Kira na Gargajiya

Matso kusa ka ji, don in ban faɗi abin nan ba zai ci gaba da ci mini rai.

Ni sana'ata gumi ce, wato turara shinkafa a shanya ta kafin a kai inji. A Tudun Wada aka haife ni, a nan nake zaune, ko Kano sai in shekara ban leƙa ba. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, amma abin da kunnena ya ji ba ya zubewa.

Itace ya yi wuya, hayaƙi ya cinye mini ido. Ga buntun shinkafa jibge a bayan inji, ana cinna masa wuta yana ci a banza. Sai na zana abu a ƙasa da tsinke, na sa Malam, maigidana, ya kai wa mai walda bayani. Rabin duro ne aka huda, aka sa masa mazurarin kwano a gefe, buntu yana gangarowa kaɗan-kaɗan yana ci. Na farko ya shaƙe. Na biyu ya ƙona mini zane. Na uku ne ya kama. Yau da shi matan layinmu suke gumi. Har Bafillatanar da ke kawo mana nono daga wajen Falgore ta tsuguna ta ƙare masa kallo, ta koma ta sa aka yi mata.

To akwai 'yar ƙanena da na riƙe tun daga yaye. A gindin murhun nan ta girma har ta gama jami'a. Bara aka ɗauke ta wani horo na matasa masu bincike, wai su zaga su gano masu ƙirƙira da masu fara sabuwar sana'a, su rubuta wa hukuma shawarar yadda za a tallafa musu. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ran nan suka iso su huɗu, maza uku da ita, sun baro Bebeji da Kiru za su wuce Doguwa. Ka san gidanmu maza ba sa shiga, don haka a zaure aka yi musu shimfiɗa. Ni kuwa na share tsakar gida, na goge murhu da toka, na ɗaura sabon zane, na tsaya bayan ƙofa ina jiran kira. Ita da take da damar shigowa ta zauna can tare da su, wai takardarsu ta ce maigida ake tambaya.

Ina ji ɗayan ya ce, "Baba, akwai wanda ya ƙirƙiro wani sabon abu a gidan nan?"

Malam ya yi gyaran murya. "A'a, mu manoma ne. Iyali dai suna ɗan taɓa gumi."

Shi ban ga laifinsa sosai ba, bai saba zancen matarsa a gaban baƙi ba. Amma ita 'yar tawa ta yi shiru! Suka cinye dafa-dukar da na dafa a kan murhun nan, suka tafi.

Bayan kwana biyu ta dawo.

"Gwaggo, fushi kike yi?"

"Me kika rubuta a kan gidan nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Babu."

"Babu! Ke 'yar nan, wannan da ke ci a gabanki aljani ne?"

"Gwaggo, takardar ce ba ta da gurbinsa. Rajistar sana'a take tambaya, da ko ana aiki da manhaja a waya."

Na yi mata daƙuwa. "Ungo manhaja! Su mazan bango ya tare su. Ke me ya tare ki? Bincike aka koya miki ko cike gurbi?"

Washegari na ɗora tukunya biyu, ɗaya a kan itace, ɗaya a kan buntu. Na zaunar da ita a gefen ta itacen tana duba lokaci, hayaƙi na sa ta hawaye, ban ce ta matsa ba. Daga nan na sa hijabi, ni da ba na son fita, muka bi gida-gida. Mata suka yi ta magana, littafinta ya cika, ta ɗauki hoton murhuna ta haɗa.

Ta kai wa malamin horonsu. Ta ce shawara ta farko ita ce a tura mata su shiga cikin gida su tambayi mata da bakinsu. Ya ce ta kauce tsari, in ta matsa za a cire ta daga masu gabatar da rahoto. Ta matsa, aka cire ta. Da ta kira ni tana kuka na ce, "Share hawayenki, yau na san na yi riƙo."

Watan jiya ta kawo mini rahoton. Shawararta ba ta ciki. A shafi na ƙarshe ne na ga hoton murhuna, ɗan ƙarami. Na bi rubutun ƙasansa da yatsa, harafi-harafi: murhun gargajiya.

Gargajiya! Abin da na zana da tsinke, tabon ƙunarsa yana cinyata har yanzu. Kai da ke saurarena, tsakaninka da Allah, a tsakar gidan kakarka ka taɓa ganin irinsa?