Fitilar Keken da Ta Tona Mini Asiri

'Yan uwa, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Jiya na sa aka ɗaura wa kekena fitila mai dainamo, irin wadda taya ke juyawa. Ina tafiya tana ci, ina tsayawa ta mutu! Da safe na nufi kasuwar Shinkafi a fusace, wajen mai gyaran da ya ɗaura ta. Na tara masa jama'a.

Na ce, "Kai, jabu ka sa mini! Ina kama birki take mutuwa!"

Ya ɗaga keken, ya murza feda. Fitila ta kama! Ya riƙe taya, ta mutu.

Sai ya russuna ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Sanusi ne, ɗalibinka na Badarawa. Kai ka koya muna cewa sai maganaɗisu na motsi jikin naɗin waya ake samun wuta. In ya tsaya, babu."

Wani dattijo ya ce, "Au, malamin kimiyya ne?"

Sanusi ya ce, "Har bulala biyar ya yi mini ranar da na manta."

Wallahi kasa hawa keken na yi, turo shi na yi har gida.