Yaɓen Soro a Shekarar Fari

A gidanmu ba a zubar da ruwa. Ko na wankin hannu ne, ko na ɗaurayar ƙwarya, ko ɗan abin da ya zuba lokacin alwala, duk wuri ɗaya yake zuwa: wani rami da kakarmu ta haƙa a bayan ɗakinta, ta cika shi da jar ƙasa, ta rufe da tsohuwar tabarma. Wannan dokar Kaka Tambai ce, mahaifiyar babana, kuma ta kafa ta ne a shekarun fari, ina 'yar yarinya a ƙauyenmu da ke can ciki tsakanin Batsari da Safana. In ka manta ka watsar da ruwa a tsakar gida ba za ta dake ka ba. Kallo ɗaya za ta yi maka, ka gwammace dukan.

Ɗakinta soro ne, kakanmu marigayi ya gina shi tun kafin a haifi babana. Bangonsa kauri gare shi, tagarsa 'yar mitsitsiya can sama, ƙofarsa ta ba gabas baya saboda daga can hadari ke tasowa. An jera azara, wato itacen giginya, aka ɗora ƙasa a kai, aka fitar da indararo biyu masu kai ruwan sama nesa da gindin bango. In ka shiga cikinsa da tsakar ranar bazara sai ka ji kamar ka sa kai a randa. Da sanyi kuma ko mayafi ba mu cika nema ba. Aibinsa ɗaya: yana son hannu. Duk shekara kafin damina sai an kwaɓa ƙasa an yaɓe rufin da bangon gabas, an toshe tsaga, an share indararo. In aka bar shi, ruwa zai samu hanya.

To, sai ruwan ya ɗauke. Shuka ta ƙone a gona, rijiyar gari ta koma sai an kwana a layi. Babana ya tafi kudu neman abin da za mu ci. Mutane suka daina yaɓe, kuma ban ga laifinsu ba har yau. Wa zai zuba ruwan da ya sha wahalar samu a cikin ƙasa, don tare ruwan saman da ba ya zuwa? Kaka kaɗai ta ƙi dainawa. Shi ne dalilin ramin.

Da yamma, in mun ci ɗan abin da ya samu, mafi yawa kwaɗon tafasa da ɗan garin rogo, ba ta bari a kashe murhu. Takan tura kara ɗaya ciki, ta miƙe ƙafafunta masu kaushi, mu jikoki mu kewaye ta, ta yi mana tatsuniya. Na gane daga baya cewa tatsuniyar dabara ce, don kada mu kwanta muna sauraron cikinmu. Tana da tata hanyar farawa. Sai ta ce, “Ga ta nan tahe, ku matsa mata wuri.” Mu kuma mu ce, “Ta zo ta zauna.”

Wata yamma ba ta kai ga farawa ba sai ga Baba Tanimu, ƙanen babana, wanda ke riƙe da gidan. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe yana gaisuwar, alamar da magana a bakinsa.

“Inna, wani mai gini a Batsari ya aiko. Azara yake nema ido rufe. In muka kwance rufin soron ga, abin da za a ba mu zai kai mu damina da dawa. Sai in yi maki bukkar kara kahin Allah ya kawo sauƙi.”

“Wace daminar?” in ji Kaka. “Ba kai ka ce ta daina zuwa ba?”

“Inna, yara na ramewa. Ke kuma kina ba ƙasa ruwa.”

Ba ta yi masa faɗa ba, don ta san gaskiya ya faɗa. Ta gyara karan cikin murhu, sannan ta ce, “Gobe ka ja akuyata ka kai kasuwa. Ka haɗa da tasoshin da ke ƙarƙashin gadona. Amma rufi na nan inda ubanka ya aza shi. Yanzu zamna, ka tare ma tatsuniya hanya.”

Na ji tsoro a daren nan, don a soron nake kwana, a bayanta. Na ɗaga kai na dubi bakin azarar da ya leƙo ta saman ƙofa, ina tunanin yadda za a zare shi.

Ga tatsuniyar da Kaka ta ba mu. Wai wata shekara Ruwa ya yi fushi da 'yan daji, saboda kullum ya zo sai sun yi ƙorafi, wannan ya ce ya jiƙa shi, wancan ya ce ya yi yawa. Sai ya naɗe kayansa ya tafi ba sallama. Shekara ta zagayo bai dawo ba, wata ta sake zagayowa. Kurege ya daina gyaran bakin raminsa. Kurciya ta ce sheƙa ta me, ta riƙa kwana a kan reshe. Ƙadangare, wanda dama bai taɓa gina komai ba, shi ya fi kowa surutu. Gara ce kaɗai ba ta fasa ba. Ba ruwan kwaɓi, sai ta riƙa ɗaukar ƙwayar ƙasa ɗaya, ta jiƙa ta da miyau, ta manna a surinta, ta koma ta ɗauko wata.

A nan Kaka ta tsaya ta nuna mu da yatsa. “Kar ku ce son Gara nake. Maƙiyiyata ce, ta cinye mani zana ba adadi. Amma in ana maganar gida, sai a ba ta girmanta.”

Ƙadangare ya hau surin yana gyaɗa kai, ya ce, “Ke Gara, maƙogwaronki a bushe, kina ɓarnar miyau. Wa kike wa gyara? Ruwa ya tahi.” Gara ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Da zai tahi, ya ce maka ba shi dawowa?”

Ranar da Ruwa ya huce, bai aiko ba. Ya taho da kayan duk shekarun da bai sauke ba, ya juye su lokaci guda. Ramin Kurege ya cika, Kurciya ta jiƙe har ta kasa tashi, Ƙadangare ya sha ruwa har ya ƙoshi. Duk suka rarrafo kan surin Gara, don shi kaɗai ya rage a tsaye. Da gari ya waye ta buɗe ƙofa, ta sa wa 'ya'yanta fukafukai, ta ce su je su yi wa baƙo sannu da zuwa. “Shi ya sa,” in ji Kaka, “duk ruwan farko kuke ganin shinge na tashi. Ta ƙare. Wanda ya yi barci shi ya yi asara.”

Baba Tanimu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. “Ni ne ƙadangaren ke nan, Inna.” Ta ce, “Ni ban kira suna ba.”

Aka sayar da akuyar da tasoshin. Da bazara ta yi, Kaka ta yaye tabarmar ramin. Wari kam ba a magana, amma ƙasar ta yi laushi, ta yi danƙo. Ta zuba mata yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, ta tattare zaninta ta shiga tana cuɗawa da ƙafa. Ni aka ɗora a tsani saboda ba ni da nauyi. Tana miƙo mani curi tana ba da umarni daga ƙasa: “Ladingo, danna da tafin hannu, ba shafa mai kike ba. Bi tsagar har inda ta ƙare.” Daga sama ina hango rufin maƙwabta duk sun dare, ina kuma jin masu wucewa suna cewa tsohuwa ta fara ruɗewa.

Damina ta zo ta wuce da ɗan yayyafin da bai ko kwantar da ƙura ba. Na ji haushin Kaka ƙwarai. Na ce mata mun yi aikin banza, akuyarmu ma ta tafi a banza. Ta ce, “To. Miƙo mani ruwan wankin hannun nan.” Muka sake tara wata shekarar, muka sake yaɓewa.

Ruwan da ya biyo baya ba zan manta shi ba. Da la'asar gabas ta yi baƙi, aka yi ta kabbara a gari, yara muna tsalle. Kafin magariba murna ta koma salati. Rufin da ya yi shekara da shekaru a tsage ya sha ruwa ya yi nauyi, sai ka ji rugum daga wannan gida, rugum daga wancan. Ɗakin Baba Tanimu ya zauna bayan ya fito da iyalinsa da ƙyar. Suka shigo soro a jiƙe, da su da maƙwabtanmu, har babu wurin miƙe ƙafa. Indararo biyu suna ta kwarara a waje, ciki kuwa ko ɗigo. Kaka ta ba matar Baba Tanimu mayafinta. Da safe, da shinge ya tashi, shi da kansa ya kira mu mu zo mu gani.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Ni ma yanzu ina da jikoki. Shekarun da ɓarayin daji suka hana mu barci, muka kwashe muka dawo Batsari, muka kama hayar ɗakin bulo mai rufin kwano. Na gode Allah da ya ba mu mafaka, amma in rana ta take ɗakin nan ba ya zaunuwa, in dare ya yi kuma bangon ya riƙa amayo zafin da ya sha. Ɗana Nasiru, mai haya da babur, ya nuna mani a waya wai yanzu masu kuɗi a birane sun koma ginin ƙasa mai kaurin bango, don sanyi da sauƙin wuta. Na ce Allah ya ba su ikon yaɓe, don ginawa ba ita ce wahalar ba.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Gara magana ce a kan ruwan sama. Sai da na ga ƙauyenmu ba kowa, ƙofofi a buɗe, sannan na fahimci abin da Kaka ke tsoro. Ranar da ka daina gyara ɗaki, ranar ka yarda cewa ba za a sake kwana cikinsa ba. Ita ba ta taɓa yarda ba, ko da yunwa. Mutanenmu da yawa sun koma sun kwance azararsu sun sayar, kuma su ma ban ga laifinsu ba. Tamu tana nan.

Shi ya sa duk bazara, in aka ce hanya ta yi dama, nake sa Nasiru ya ɗaure jarkokin ruwa biyu a babur, mu tafi da sassafe mu juyo kafin la'asar. Ramin Kaka na nan a bayan soro. Ni ke cuɗawa yanzu, shi ke hawa tsani. Bana, yana sama yana share gumi, ya leƙo ya ce, “Inna, don Allah wa muke wa wannan gyaran? Kowa ya tafi.”

Na curo ƙasa na miƙa masa. Na ce, “Da za mu tafi, wa ka ji ya ce ba mu dawowa? Karɓi, ka danna da tafin hannu.”