Ƙyauren da ya ƙi shiga ƙofarsa

Shekarar da kogin Komadugu ya cika ya batse, ya cinye mana gida a ƙauyenmu na wajen Shetimari, abu ɗaya Baba ya tsira da shi: ƙyauren zaure, na katako mai kauri. A amalanke aka kawo su Diffa, shi da ƙyauren. Na ba shi ɗaki a gidan sumuntin da nake zaune, ya jingine ƙyauren a bango. Mutumin da ya tsufa yana noman tattasai yana gina wa mutane ɗakuna, sai ga shi yana neman izinina kafin ya shimfiɗa tabarma. Abin nan ya ci mini rai.

Lokacin ina aikin zanen gini a wani biro, wato ofis. An kawo mana ordinatar, wato kwamfuta, mai manhajar tayar da gini: ka ja layi huɗu, ka ɗaga su su zama bango, ka huda ƙofa, ka juya ginin ta kowane gefe kamar ƙwarya a hannu. Ni kuwa da rawar kai, na rantse sai na maido wa Baba gidansa, ko da a cikin gilashin injin ne.

Dariya ya fara yi mini. "Kai da ba ka taɓa kwaɓa ƙasa ba?" Amma ranar Asabar ya sa babbar riga ya biyo ni. Duk awon gidan yana cikin kansa, tunda shi ya gina shi. Sai dai Baba bai san mita ba, kamu ya sani, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. "Zaure kamu takwas kowane gefe. Ƙofa kamu biyu faɗi, huɗu tsayi." Inji kuma ba ya jin kamu. Na ɗora hannuna a tebur na auna da rula, na rubuta lambar, na yi ta aiki da ita.

Asabar biyar muka yi, Baba ya dawo mutum. Har faɗa ya dawo. "Wannan bangon ya cika miƙewa, barikin soja kake gina mini? Kusurwar nan ba ta da kaifi, a nan awaki ke goga jiki." Dole na koyi kama ɗigon kusurwa ɗaya-ɗaya ina ja har ta lanƙwasa. Rumbu ya ba ni wuya, sau uku ina rushe shi. Ya leƙa ya ce, "Wannan tulu ne ko rumbu?" ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Azarar rufi ma sai da ya sa na jera ta yana ƙirgawa da yatsa a kan gilashin.

Saura ƙyaure. Shi da yake yana gida, da mita na auna shi, na zana shi har kawunan ƙusoshi. Na jawo shi bakin zaure, sai ya ƙi shiga. Ya fi ƙofar faɗi, ya fi ta tsayi, gefensa ya nutse cikin bango.

Na sake lissafi sau biyu, bai canza ba. Baba ya ce, "Kamu biyu ne, da huɗu." Ranar ga zafi, ga wuta ana ta ɗaukewa, raina a ɓace. Na ce, "Baba, inji ba ya ƙarya. Tsufa ne, kun manta." Wayyo bakina!

Bai yi gardama ba. Ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce, "To. Ƙila duk gidan ma na manta shi." Ya ɗauki sandarsa. Asabar ta gaba ya ce ƙafa na masa ciwo. Da ja ɗaya zan iya buɗa ƙofar in ce masa ta daidaita, amma girman kai ya hana ni, wai ni mai ilimi ba zan ɓata lissafi ba. Bayan wata biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Wajen wankan gawa liman ya ce in kama masa. Na ɗaga hannun Baba na dama, na tallafe shi a kan nawa, gwiwa da gwiwa. Yatsunsa suka wuce nawa da faɗin yatsu uku. Ashe da guntun hannuna na gina masa gida, na kuma ɗora masa laifi.

Bayan sadakar bakwai na koma biro. Na ƙara yatsu ukun nan a kan kowane kamu, na zaɓi gidan gaba ɗaya ban da ƙyauren, na buɗa shi. Ƙyauren ya zauna daram a ƙofarsa, ko tsinke ba zai ratsa ba. Na ce, "Baba, ba ku manta ba." Da ƙarfi na faɗa, har abokin aikina ya waiwayo ya tambaye ni da wa nake magana.