Kafaɗar Hagu

Na manta fuskokin marasa lafiya da yawa, amma akwai guda da ba za ta goge a raina ba har in koma ga Allah, domin ita ce ta ruɗe ni.

A zamanin Turawa ne, ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin likita, aka tura ni wani ɗakin shan magani a wani ƙauye bayan Auyo. Damina ta nutsa, kogi ya shanye hanya, babu mai kaiwa Haɗeja sai a kwalekwale, shi ma sau ɗaya a yini, bayan azahar. A Haɗeja kaɗai ake da likitan da zai iya buɗe ciki. Babban malaminmu ya tafi rangadi, ni kaɗai ne a wurin.

Da hantsi wani dattijo Bafulatani ya shigo da surukinsa, mijin 'yarsa, saurayi dogo mai kamar shekara talatin.

"Malam, bijimi ne ya ɗan ture shi jiya," in ji dattijon. "Ba wani abu ba ne. Matan gida ne suka matsa."

Mai kwalekwalen, wani Babarbare, yana bakin ƙofa yana jiran in ɗaure masa gyambo. Ya tuntsire da dariya. "Kai, Bafillace! Sa ya kayar da kai har sai an kawo ka wurin Malam? Ba ni shanun in riƙe maka!"

Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Bawana, sa zai gane ubangidansa a jikinka?" Muka yi dariya duka.

An koya mana cewa idan kana taɓa ciki, fuskar mara lafiya za ka kalla, ita za ta gaya maka inda ke ciwo. Na kwantar da shi a tabarma, na danna ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, inda saifa take. Ko ƙifta ido bai yi ba. Dattijon na tsaye a kansa, dafe da sanda.

"Da zafi?"

"Babu, Malam. Kafaɗar nan ce dai take ɗan damuna." Ya nuna ta hagu.

Na juya kafaɗar, babu karaya, babu targaɗe. Na ga gumi a goshinsa, na ce zafin rana ne. Ya nemi ruwa sau biyu. Ban kama hannunsa na ƙirga bugun jini ba, ban ja fatar idonsa na duba ba. Na ba shi man shafawa, na sallame su. Bayan azahar mai kwalekwalen ya leƙo ya ce, "Akwai mai tafiya?" Na ce babu.

Da la'asar sakaliya aka dawo da shi a kan ƙyauren zana, mutum huɗu na ɗauke. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri, hannuwansa sun yi sanyi, cikin idonsa fari fat. Bugun jinin da na nema a lokacin kamar zare yake, yana gudu yana ɓacewa. Matarsa, 'yar dattijon, ta durƙusa daga nesa, ta ce a hankali, "Tun jiya yake nishi, Malam. Sai Baffa ya shigo yake yin shiru."

Kafin magariba ya cika.

Washegari na buɗe littafin karatuna. Ga shi nan da rubutun hannuna: a ƙasar da zazzaɓin sauro ya yi yawa, saifa kan kumbura, duka kaɗan ya isa ya fasa ta, jinin da ya taru a ciki kan sa ciwo a kafaɗar hagu. Har na ja layi a ƙarƙashinsa saboda jarrabawa. Abin da littafin bai faɗa ba, ni kuma na sani tun ina yaro, shi ne Bafulatani ba ya nuna ciwo a gaban surukinsa, balle ga Babarbare na yi masa tsiya.

Mai kwalekwalen bai ƙara yi wa kowa wasa a ƙofarmu ba.

Tun daga ranar, kafin in taɓa mara lafiya, sai na duba wanda ke tsaye a kansa, in ce, "Baba, ɗan ba mu wuri." Sannan in kama hannu in ƙirga, domin kunya na iya riƙe fuska, amma ba ta iya riƙe bugun jini.