Kwalbar Majo Alzuma a Ƙirjina

Ku da kuke aiki da firji da na'ura yau, ku saurara. Har gobe ban manta da ranar da na ɗauki Majo Alzuma a ƙirjina daga Malanville zuwa Parakou ba.

Zamanin mulkin soja ne, ina ɗakin gwajin ƙaramin asibitinmu. Majo shi ne shugaban masu jinya, shi ya koya mini riƙe allura, kuma bai taɓa kirana da sunana ba sai "Bakabe sarkin gaggawa". A bazarar nan sanƙarau ya shigo ta garin Madécali da ke kusa da mu, yana kayar da yara kafin iyayensu su gane abin da ake ciki.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙwayar da nake gani a madubin gwaji ita ce dai wadda ke zaune a maƙogwaron masu lafiya ba ta yi musu komai. Majo ya ce ƙwayoyin ma dangi-dangi ne. Wasu sukan gaji wata riga daga iyayensu wadda ke hana jini ya gane su, kuma kowane dangi da irin rigarsa. Sai an san dangin za a aiko da rigakafin da ya dace. Mu ba mu da kayan ganewa, dole a kai ruwan ƙashin bayan mara lafiya Parakou. Ita kuwa ƙwayar, duk muguntarta, ba ta jure sanyi. In ba a ɗumin jikin mutum ba, kafin a isa ta mutu.

Ana cikin haka ciwon ya kama Majo kansa. Da likita ya ɗebi ruwan bayansa a kwalba, sai ya yafito ni, wuyansa a sandare.

"Bakabe, yau gaggawarka ta yi rana. Sa ni cikin rigakka, kak ka bari in ji sanyi."

Na ɗaure kwalbar da ƙyalle a ƙirjina, na hau motar albasa. A shingen binciken Guéné wani jandarma ya ga tudu a rigata, ya ce in ciro in aje kan teburi.

"Ranka shi daɗe, ƙwayar sanƙarau ta. In na aje ta mutuwa za ta yi, kuma ɗiyan Madécali ita suka jira."

Ya ja da baya har hularsa ta faɗi, ya ce mu wuce. Duk hanya ina ta tsara yadda zan ba Majo wannan labari, har ina jin dariyarsa a kunnena.

Ƙwayar ta isa da rai. Aka gane danginta, daga baya rigakafin ya zo, ciwon ya lafa. Amma ranar da na dawo, tabarmi na tarar a ƙofar gidan Majo, ana zaman makoki.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, kowace kwalba da aka miƙo muku, mutum ne aka ba ku amana. Ni dai ina kewarsa ƙwarai. Na tsufa, na bar aiki, amma duk lokacin da mota ta tsaya da ni a Guéné sai in ga hannuna ya tafi ƙirjina. Labarin jandarman nan kuwa, na ba mutane da yawa sun yi dariya, wanda na tsara wa shi ne bai ji ba.